Yamai zuwa Paris ta jirgin sama: kilomita 3,940 suna nan, awoyin tafiya sun ninka

Tsakanin filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai da filin Roissy-Charles de Gaulle na birnin Paris akwai kimanin kilomita 3,940 in an ja layi miƙe. Jirgin fasinja da bai tsaya ko'ina ba yana cin wannan tazara cikin wajen awa 5 da rabi. Wannan ita ce amsar da mutum zai samu in ya bincika a intanet, kuma har zuwa ƙarshen watan Yulin 2023 ita ce matafiyi ke gani da idonsa. Tun daga lokacin tazarar tana nan yadda take, amma jirgin da ke bin ta kai tsaye ya daina zuwa. Ɗalibin da ke komawa karatu, ɗan kasuwa, ko marar lafiyar da likita ya tura asibiti a Faransa, kowanensu sai ya yada zango a wata ƙasa. Tafiyar da a da ake gamawa tsakanin tsakar dare da asuba yanzu tana cin awa 10 har zuwa yini guda cur, gwargwadon hanyar da aka zaɓa.

Inda lissafin ya fito

Ba sai da kwamfuta ake gano wannan adadi ba, ɗan makarantar koleji zai iya fitar da shi a kan allo. Dalili shi ne Paris tana arewa sak da Yamai. Masana taswira sun raba duniya da layuka da ke tasowa daga ƙurewar arewa zuwa ƙurewar kudu, kamar tsagin lemun da aka ɓare, ana ce ma kowane layi meridiyen. Yamai da Paris dukansu suna kan digiri 2 da ƴan kai gabas da layin Greenwich, wato kusan a kan tsagi ɗaya suke. Abin da ya raba su shi ne nisan kowace daga layin tsakiyar duniya, ekwato. Filin jirgin Yamai yana kan digiri 13 da rabi a arewa da ekwato, na Roissy kuma yana kan digiri 49. Bambancin digiri 35 da rabi ke nan. Kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne. In aka ninka 35 da rabi sau 111 sai a samu 3,940.

Shi kansa kilomitan da ake awon da shi, a kan wannan layi aka haife shi. Daga 1792 zuwa 1798 wasu masana taurari biyu Faransawa, Jean-Baptiste Delambre da Pierre Méchain, sun auna meridiyen ɗin Paris daga garin Dunkerque a arewacin Faransa har zuwa Barcelona a ƙasar Sifaniya. Da sakamakon awonsu aka yanke tsawon mita: in aka raba tazarar da ke tsakanin ƙurewar arewa da ekwato kashi miliyan 10, kashi ɗaya shi ne mita. Shi ya sa daga ekwato zuwa ƙurewar arewa ake samun kusan kilomita dubu 10 cif, kuma in aka raba su gida 90 sai 111 ɗin nan ya fito. Tun 1983 da gudun haske ake fayyace mita, amma tsawonsa bai kauce ma wancan asali ba sai da ɗan abin da ba ya shafar matafiyi.

Akwai wani abu da ke rikita masu duba shafukan sayar da tikiti. Wani shafi zai nuna 3,940, wani 2,450, wani kuma 2,130, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na Ingila da Amurka, mai mita 1,609. Na uku mil ne na jiragen ruwa da na sama, mai mita 1,852, kuma da shi matuƙan jirgi ke aiki a ko'ina cikin duniya.

Ga wanda lambobi ba su faɗa masa komi, akwai ma'auni mai sauƙi. Duk alhajin da ya tashi daga Yamai zuwa Jidda ya riga ya san wannan nisa a jikinsa, domin Jidda tana wajen kilomita dubu 4 daga Yamai. Haka Istanbul, haka Addis Ababa. In aka kafa tsinken kompa a Yamai aka zagaya da'ira mai nisan kilomita dubu 4, biranen nan huɗu, Paris da Istanbul da Jidda da Addis Ababa, duk za su faɗo kusa da bakinta.

Abin da ke ƙarƙashin jirgin

Jirgin da ya tashi daga Yamai ya miƙe arewa ba ya daɗewa a saman Nijar. Kafin ya gama hawa ya kusa iyakar Mali, domin wajen kilomita 200 ne kawai daga Yamai zuwa can ta wannan ɓangare. Daga nan sai yankin Menaka, sai duwatsun Adrar na Ifoghas a jihar Kidal, sai ya shiga Aljeriya. Aljeriya ce ke cin kaso mafi girma na tafiyar, fiye da kilomita 1,800 daga iyakarta ta kudu zuwa bakin teku, wato kusan rabin hanyar. Garin In Salah da ke tsakiyar hamada yana kan layin, birnin Alje kuma yana ɗan gabas da shi. Bayan bakin teku sai Bahar Rum, tsibirin Mayorka, Barcelona, duwatsun Pirene, sannan Faransa daga kudu har Paris. Matafiyin dare ba ya ganin komi a ƙasa na tsawon awoyi sai duhu, sai wutar rijiyoyin gas nan da can, har fitilun garuruwan bakin teku su bayyana.

A zahiri jirgi ba ya bin zaren layin daidai. Sama tana da hanyoyinta da mahaɗanta kamar yadda ƙasa ke da gudron, kuma masu kula da zirga-zirga ne ke ba kowane jirgi hanyarsa da tsayin da zai bi. A yankin Nijar da makwabtanta masu amfani da Faransanci hukumar ASECNA ce ke wannan aiki. An kafa ta a watan Disamban 1959, cibiyarta tana Dakar, kuma tana da babbar tashar kula da jirage a Yamai. Kauce-kaucen da hanyoyin sama ke sawa yana ƙara wasu kilomitoci a kan lissafin allo.

Me ya sa awa 5 da rabi?

Babban jirgin fasinja irin Airbus ko Boeing, in ya kai tsayinsa na tafiya, tsakanin kilomita 10 zuwa 12 a sama, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Da wannan gudu kilomita 3,940 za su ci wajen awa 4 da rabi. To ina sauran awa gudan ta shiga?

Lokacin da aka rubuta a tikiti ba ya farawa daga sanda tayoyin jirgi suka bar ƙasa. Yana farawa ne daga sanda jirgin ya motsa daga wurin da yake fake, ya ƙare sanda ya tsaya a wurin fakawa na can. A Yamai tafiyar ƙasa zuwa titin tashi gajera ce. A Roissy, wanda ke da titunan tashi da sauka guda 4, jirgi kan yi minti 15 ko 20 yana gangarawa a ƙasa bayan ya sauka. Hawa sama yana ɗaukar minti 20 zuwa 30, kuma a lokacin jirgin bai kai cikakken gudunsa ba. Saukowa ma wajen rabin awa ce, da rage gudu, wani lokaci da jiran layi a sama in jirage sun yi yawa da sassafe. Kamfanoni kuma suna ƙara ƴan mintoci a jadawalinsu don kada a riƙa lissafa su cikin masu latti.

A wasu hanyoyin duniya tafiya da dawowa ba su zama daidai. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, gudunta kan wuce kilomita 200 a awa a lokacin sanyi. Jirgin da ya tashi daga Paris zuwa New York yana fuskantar ta, sai ya yi wajen awa 8, in zai dawo kuma tana tura shi, sai ya yi wajen 7. Hanyar Yamai da Paris ta tsira daga wannan, domin daga kudu zuwa arewa take, iskar tana bugun jirgin ne a gefe. Shi ya sa zuwa da dawowa ba su bambanta sai da ƴan mintoci.

Abin da ya fi taɓa jadawali a nan shi ne yanayin Sahel. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari har matuƙi ya kasa hangen titin sauka daga nesa, sai a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi zuwa wani fili. A watannin Afrilu da Mayu, sanda zafi ke haura digiri 40 da rana, iska tana yin sakayau, fukafukai ba su samun abin dogaro sosai, injin ma ƙarfinsa yana raguwa, sai jirgi mai nauyi ya buƙaci doguwar tazara kafin ya ɗaga. Wannan yana cikin amfanin tashin dare, ko da yake babban dalilin kamfanoni shi ne su isa Turai da safe, fasinja ya samu jirgin da zai ci gaba da shi. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, hadarin Sahel yana tashi sama fiye da inda jirgi ke bi. Ba a ratsa shi, zagaye shi ake yi. Haɗarin jirgin Air Algérie da ya taso daga Wagadugu zuwa Alje ranar 24 ga Yulin 2014, ya faɗi kusa da Gossi a Mali da mutum 116, ya faru ne a daren da matuƙan suka kauce ma hadari. Bincike ya nuna ƙanƙara ce ta toshe na'urorin auna ƙarfin injin, saboda ba a kunna abin narkar da ita ba. Minti 10 ko 20 da zagayen hadari ke ƙara ma tafiya ba abin ƙorafi ba ne.

Agogo da tsawon yini

Tunda biranen biyu suna kan meridiyen ɗaya, rana tana take tsaka a Yamai da Paris kusan a lokaci guda. Agogon Nijar yana gaba da na Greenwich da awa 1 duk shekara. Na Faransa ma haka yake a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba Faransa tana tura agogonta gaba da awa guda. A misali, jirgin da ya bar Yamai da ƙarfe 11 da rabi na dare zai sauka Paris da ƙarfe 5 na asuba a watan Janairu, amma a watan Yuli tikiti zai nuna ƙarfe 6. Tafiyar ba ta ƙaru ba, agogo ne ya matsa.

Saboda haka mai wannan tafiya ba ya fama da rikicewar barci irin ta mai zuwa Sin ko Amurka. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne tsawon yini. A Yamai yini ba ya gaza awa 11 da ƴan mintoci, ba ya kuma wuce 13. A Paris yana kai awa 16 a ƙarshen Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuma ya dawo awa 8 da kwata, magariba ta yi kafin ƙarfe 5 na yamma. Mai azumi ko mai lissafin lokutan salla ya kamata ya san da wannan tun kafin ya sauka. Alƙibla kuwa, a Yamai gabas ce da ɗan karkata arewa, a Paris gabas ce da karkata kudu. Ga jirgin da ya nufi arewa tana hannun dama tun daga tashi har sauka.

Shekarar 2023

Jirgin kai tsaye tsakanin Yamai da Paris ya daɗe. Kamfanin Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka kafa shi a Yawunde a 1961, ya yi wannan hanya kafin ya durƙushe a 2002. Kamfanin UTA na Faransa ma ya yi, kafin Air France ya haɗiye shi a farkon shekarun 1990. A ƙarshe Air France ne ya rage, yana zuwa sau 4 a mako, kuma sau da yawa jirgin kan zarce Wagadugu ko Lome bayan ya sauke mutanen Yamai.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojojin CNSP suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 6 ga Agusta, da wa'adin da ƙungiyar CEDEAO ta bayar ya cika tare da barazanar amfani da ƙarfin soja, sabbin mahukunta suka rufe sararin samaniyar ƙasar baki ɗaya. Washegari Air France ya dakatar da zuwa Yamai, tare da Bamako da Wagadugu. An sake buɗe sararin samaniyar ranar 4 ga Satumba, amma kafin watan ya ƙare aka fitar da sanarwa ta hannun ASECNA cewa buɗewar ba ta shafi jiragen Faransa ba, har da na Air France da duk wanda Faransa ta yi haya. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a Disamban 2023, ranar 2 ga Janairun 2024 kuma Paris ta sanar da rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Shekarun 2024 da 2025 suka shigo ba tare da jirgin ya dawo ba. Rufe ofishin jakadancin ya ƙara wani nauyi da ba ya fitowa a tikiti: bizar Faransa ba a Yamai ake neman ta kamar da ba, ga mutane da yawa ita ma tafiya ce mai zaman kanta.

Rufewar watan Agusta ta nuna ma duniya wani abu da ƴan ƙasa da yawa ba su lura da shi ba. Nijar, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, tana kwance ne a kan babbar hanyar jiragen da ke haɗa Turai da tsakiya da kudancin Afirka. Jirgin UTA da bom ya tarwatsa a saman Tenere ranar 19 ga Satumban 1989, mutum 170 suka rasu, yana kan irin wannan hanya ne, daga Brazzaville ta Njamena zuwa Paris. A 2023 yawancin kamfanoni sun riga sun daina bi ta saman Libiya, yaƙi kuma ya rufe saman Sudan tun watan Afrilu. Da Nijar ta ƙaru a kansu sai aka samu shinge tun daga Bahar Maliya har iyakar Mali, jiragen da ba su da wata hulɗa da Yamai suka koma zagaye ta yamma ko ta gabas, da ƙarin awoyi da ƙarin mai. Ba a Afirka kaɗai haka ke faruwa ba. Tun da Rasha ta rufe samanta ga jiragen Turai a 2022, tafiya daga Paris zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 12 zuwa wajen 14.

Bambanci tsakanin awoyin da aka yi a sama da kwanakin da tafiya ta ci tsohon labari ne a wannan hamada. A 1925 matuƙin jirgi Edmond Thieffry ɗan ƙasar Beljik ya tashi daga Brussels zuwa Leopoldville, Kinshasa ta yau, ya ratsa Sahara zuwa Gao, ya bi ta ƙasar da ake kira Nijar yanzu zuwa Fort-Lamy, wato Njamena. Awa 75 da ƴan mintoci ya yi a sama. Tafiyar ta ɗauke shi kwana 51.

Hanyoyin zagaye

Ga mai tashi daga Yamai yau, tambayar ita ce a wane gari zai yada zango, abin da ma'aikatan filin jirgi ke kira eskal. A nan taswira tana da abin faɗa, domin hanyoyin ba su yi kusa da zama daidai ba.

Ta Kasablanka, da jirgin Royal Air Maroc, akwai kimanin kilomita 2,420 daga Yamai, sai wasu 1,900 da ɗoriya zuwa Paris. Jimilla wajen 4,350, ƙarin kilomita 400 kawai a kan hanya miƙe. A sama wajen awa 3 da rabi ne a zangon farko, wajen 3 a na biyu. In jiran tsakiya bai yi tsawo ba, cikin awa 10 ko 11 mutum ya isa. A lissafin allo hanyar Alje ta fi kowace, tunda birnin yana kusan kan layin: kilomita 2,575 da 1,370, jimillarsu ba ta wuce ta jirgin kai tsaye da komi ba. Sai dai wannan hanya tana tafiya da yanayin dangantakar ƙasashe. A watan Afrilun 2025, bayan Aljeriya ta harbo jirgin Mali marar matuƙi a yankin Tinzawatan, ƙasashen biyu sun rufe ma juna sararin samaniya, Nijar da Burkina Faso kuma suka bi Mali wajen janye jakadunsu daga Alje. Mai son bin ta sai ya tabbatar daga kamfani cewa jirgin yana tashi a ranar da yake so.

Hanyar Istanbul da Turkish Airlines tana da farin jini, musamman wurin ƴan kasuwa da ke da hulɗa da Turkiyya, amma ga wanda Paris kaɗai ya nufa doguwa ce. Istanbul ta fi Paris nisa daga Yamai. Bayan ya yi kilomita dubu 4 da awa 6 ko fiye, matafiyi yana da sauran kilomita 2,200 da awa 3 da rabi a gabansa, jimilla fiye da 6,200. Ta Addis Ababa da Ethiopian Airlines abin ya fi haka: dubu 4 zuwa gabas, sannan wajen 5,600 zuwa arewa maso yamma, kimanin kilomita 9,600 gaba ɗaya. Wato ninki biyu da kusan rabi na hanya miƙe, da awa 13 zuwa 14 a sama ban da jira. Akwai kuma masu gangarawa kudu tukuna, zuwa Lome ko Abijan da jiragen yankin irin su ASKY da Air Côte d'Ivoire, su kama jirgin Paris daga can. Lome tana kilomita 820 kudu da Yamai, Abijan fiye da 1,100, kuma duk kilomitan da aka yi zuwa kudu sai an sake biyan shi a komawa arewa. Jimillar takan kama daga 5,600 zuwa dubu 6.

Farashi ba ya bin nisa. Tikitin hanya mai tsawo kan zo da araha fiye da na gajera, saboda kamfani yana son cika kujerun jiragensa biyu. Ga matashi mai ƙarfi wannan ciniki ne. Ga tsoho, mai ciki, ko marar lafiyar da ba ya jure dogon zama, rangwamen ƴan jikkuna bai kai awa 8 na ƙarin wahala ba, kuma mai sayar da tikiti ba kullum yake faɗin haka ba in ba a tambaye shi ba.

Lokutan da ke kan tikiti kowanne na garin da aka ambata ne. Turkiyya da Habasha suna gaba da Nijar da awa 2, Togo da Abijan suna baya da awa 1, Aljeriya daidai take da Nijar.  Wanda tikitinsa ya nuna tashi daga Yamai ƙarfe 12 na dare da sauka Istanbul ƙarfe 8 na safe, awa 6 zai yi a sama, ba 8 ba. Yana da kyau kuma zangunan biyu su kasance a kan tikiti ɗaya. In jirgin farko ya yi latti, kamfani ne zai nemo ma fasinja wani, kayansa kuma su wuce kai tsaye. In tikiti biyu ne daban, asarar tasa ce.

Daga Maraɗi, Damagaram da Tawa

Duk lissafin da ya gabata na mutumin Yamai ne. Ga mafi yawan Hausawan Nijar tafiyar tana farawa ne a tashar mota da asuba. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, daga Maraɗi wajen 660, daga Damagaram kusan 900 a kan babbar hanya ta 1. Mutumin Damagaram da ya shiga bas kafin kiran salla ba ya ganin Yamai sai dare, wato ya fi awoyin tsohon jirgin Paris sau biyu kafin ya taka filin jirgi. Jiragen cikin gida suna rage wannan, amma ba kullum suke tashi ba, kuɗinsu kuma ba na kowa ba ne.

Abin da taswira ke nunawa a nan yana da ɗan ban takaici. Damagaram da Maraɗi suna kusan kan digiri ɗaya da Yamai daga ekwato, don haka nisansu da Paris kusan ɗaya ne da na Yamai, bambancin bai wuce kilomita 20 ba. Kilomita 900 da Badamagare ya sha a mota ba su kusantar da shi Paris ko da taƙi ɗaya ba, gefe kawai ya matsa. Na Tawa ma baya ya yi: garinsa ya fi Yamai kusa da Paris da wajen kilomita 150. Agadas ta fi su duka kusa, da wajen kilomita 350, kuma a shekarun 2000, lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa Ayar da Tenere, jiragen shata na kamfanin Point-Afrique sun riƙa sauka can daga Faransa a lokacin sanyi ba tare da sun bi ta Yamai ba.

Shi ya sa tun da daɗewa mutanen Maraɗi da Damagaram ke duban Kano, wadda ke wajen kilomita 250 daga kowannensu, ƙasa da rabin hanyar Yamai. Filin Malam Aminu Kano ya daɗe yana karɓar jirgin KLM daga Amsterdam kafin kamfanin ya daina zuwa a 2012. Daga Kano ma yau mai zuwa Paris sai ya yada zango, ko a Abuja ko Legas, ko a wani birni na waje, kuma hanyar tana dogara da halin da iyaka ke ciki a lokacin.

A can ƙarshen tafiyar akwai sauran hanya. Roissy yana wajen kilomita 25 arewa maso gabas da tsakiyar Paris, jirgin ƙasa na RER B yana kai mutum tashar Gare du Nord cikin kimanin rabin awa. Wasu jiragen, musamman masu zuwa daga Maroko da Aljeriya, a filin Orly suke sauka, kilomita 13 kudu da birnin. Mai zuwa tarbar baƙo ya duba haruffa uku da ke kan tikiti: CDG Roissy ne, ORY kuma Orly, kuma tsakanin filayen biyu tafiyar awa guda ce ko fiye in hanya ta cunkushe.